Ƙurɗuba a Bakin Ɗan Jagora

Daga cikin al'adun da suka kafu a biranen Turai masu daɗaɗɗen tarihi, babu wadda baƙo zai fi saurin cin karo da ita kamar ta zaga tsohon gari da ƙafa, inda akan tara mutum goma sha biyar ko ashirin waɗanda ba su taɓa sanin juna ba, a danƙa su ga wani ɗan jagora mai riƙe da laima ko 'yar tuta, ya shige gaba suna biye da shi lungu-lungu har tsawon sa'a biyu ko uku, in ya isa gaban wani gini ya ja ya tsaya, ya juyo ya fuskance su, ya faɗa musu wanda ya gina shi da wanda ya ƙwace shi da abin da ya wakana a cikinsa. Yanzu da yake mutanenmu sun yawaita taka waɗannan ƙasashe, waɗansu don fatauci, waɗansu don neman ilmi ko magani, na sha jin ana raina wannan al'ada, ana cewa ai almubazzaranci ne mutum da idanunsa biyu ya biya wani ya nuna masa bango. Ni kuwa ra'ayina ya saɓa da haka. Ina ganin ya kamata a bi ɗan jagora, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙyashi ba, amma da sharaɗin a saurare shi yadda malaman hadisi suke sauraron mai ruwaya, watau a karɓi abin da ya zo da shi cikin ladabi, sa'an nan a bincika daga wa ya ji, wa ya ba shi izinin faɗa, me kuma ya tsallake. Birnin da zan kafa hujja da shi shi ne Ƙurɗuba ta Andalus, a kudancin ƙasar Sifen, domin babu wani birni a Turai da ya fi shi kusa da zauren karatunmu, ko da yake da yawa daga cikinmu ba su ankara da haka ba.

Batun ƙafa ba ya bukatar doguwar muhawara. Tsohuwar Ƙurɗuba, wadda hukumar UNESCO ta sa masallacinta cikin kayan tarihin duniya a 1984, sa'an nan ta haɗa da unguwannin da ke kewaye da shi a 1994, ba don mota aka shata ta ba, har akwai lungun da in mutum ya ware hannuwansa zai taɓa bangon dama da na hagu. Rana ce ta sa aka matse hanyoyin haka, domin da bazara zafin garin yakan haura digiri 40, kuma babu abin da ke ceton mai tafiya sai inuwar da bango ke jefa wa ɗan'uwansa. Gidajen ta waje farin bango ne kawai, ba ado, ba alfahari. Sai wanda ke tafe a hankali, ya leƙa ta ƙofar ƙarfe mai raga-raga, shi zai hango tsakar gida da rijiyarta da tukwanen furanni rataye a jikin bango har sama. Wanda ya zauna cikin motar 'yan yawon buɗe ido aka kewaya da shi ta bakin ganuwa ya ga suna ne kawai.

Inda maganar take da nauyi shi ne batun jagoran kansa, kuma babu inda amfaninsa ya fi bayyana kamar cikin babban masallacin, wanda yau coci ne. Baƙon da ya shiga shi kaɗai, bayan ya ratsa farfajiyar da ke cike da itatuwan lemo inda a da ake alwala, zai tarar da ginshiƙai fiye da 850 jere cikin duhu-duhu, kowane biyu an haɗa su da baka a kan baka, ja da fari, sai ya yi tasbihi, ya ɗauki hoto, ya fita yana zaton gini ɗaya ya gani wanda sarki ɗaya ya gina. Alhali kuwa gini huɗu ne aka ɗinke, bisa tsawon shekara ɗari biyu. Abdurrahman na Farko, wanda ake kira Addakhil, ɗan Banu Umayya da ya tsira daga takobin Abbasiyawa a Sham ya kafa mulkinsa a nan a 756, shi ya fara ginin a wajen 785, kuma da ginshiƙan Rumawa da na mutanen da suka gaje su ya yi aiki, waɗanda aka kwaso daga kangaye. Shi ya sa a wannan sashe da wuya ka sami ginshiƙi biyu masu kama ɗaya, wani dutsensa baƙi, wani ja-ja, wani an yi masa ƙari a gindi don ya kamo tsawon 'yan'uwansa. Da yake kuma ginshiƙan gajeru ne, ba za su ɗaga rufi yadda ake so ba, sai magina suka ɗora wata baka bisa ta fari, watau abin da idon baƙo ke ɗauka ƙawa ce tsantsa, asalinsa dabarar fita daga larura ce. Abdurrahman na Biyu ya ƙara tsawon masallacin ta wajen alƙibla. Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, ya sake ƙarawa, ya gina mihrabin nan da aka lulluɓe da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya aka tsara ayoyi da su, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa daga wurin Sarkin Rum na Kustantiniyya ya nemi gwanin da ya koya wa mutanensa wannan aiki. Sai waziri Almansur a wajen 987, wanda ya tarar kogi ya tare gabansa, saboda haka ya faɗaɗa ta gefen gabas, har mihrabin ya tashi daga tsakiya ya koma gefe guda.

Na ga wata 'yar jagora, dattijuwa mai ɗan ƙaramin jiki, ta tsayar da jama'arta a wannan sashe na Almansur, ta ce kowa ya ɗaga kai ya dubi jan da ke jikin bakunan da kyau. A sashen Addakhil jan nan tubali ne na gaske aka saka tsakanin fararen duwatsu. A na Almansur kuwa dutse ne fari gaba ɗaya, aka bi shi da jan fenti don ya yi kama da na magabata. Sa'an nan ta sunkuya ta ɗora yatsa kusa da wani ɗan zane a jikin ginshiƙi, wanda mutum dubu za su wuce ba su lura da shi ba, ta ce alamar masassaƙin dutsen ce, waɗansu sun rubuta sunansu da haruffan Larabci, waɗansu kuwa 'yar alama kawai suka yi. A cikin minti biyar ta nuna wa mutane gaggawar waziri mai son a ga girman aikinsa, ta kuma nuna musu hannun talakan da ya yi aikin. Hakanan hasumiyar da Abdurrahman na Uku ya gina a wajen 951 ba ta rushe ba, tana nan a cikin cikin dogon benen ƙararrawa da aka kewaye ta da shi daga baya, amma in ba a faɗa maka ba, har abada ba za ka sani ba. Wanda ya ce wannan bai cancanci lada ba, lalle bai san darajar ilmi ba.

To, amma ɗan jagora ɗan kasuwa ne, kuma wajibi ne a san yadda abincinsa ke fitowa. Akwai mai takardar izini daga hukuma, wanda ake yanka masa kuɗinsa tun kafin a tashi. Akwai kuma zagayen da ake tallarsa da sunan kyauta, wanda a haƙiƙa ba kyauta ba ne, domin jagoran yana dogara ne ga tukuicin da za a miƙa masa a ƙarshe, kuma galibi shi ne ke biyan kamfanin da ya tara masa mutane wani abu a kan kowane kai, ko an ba shi ko ba a ba shi ba. Mutumin da ke cikin wannan hali tilas ya koyi abin da dillali ya sani a kasuwa, watau ya karanta fuskar mai saye kafin ya buɗe baki. Labarin da ke sa dariya ko ajiyar zuciya ya fi kawo tukuici bisa ga labarin da ke da ingantaccen isnadi, saboda haka waɗansu hikayoyi sun zama kamar farilla a bakin kowa. Za a gaya maka cewa Sarki Karlos na Biyar, wanda ya yarda aka fasa tsakiyar masallacin aka dasa coci a 1523 duk da ƙin yardar majalisar garin, da ya zo ya ga aikin sai ya yi nadama, ya ce wa limaman sun rushe abin da babu irinsa a duniya don su gina abin da ake samu ko'ina. Magana ce mai daɗi, kuma tana faranta ran Musulmi da Nasara baki ɗaya, amma ba a tabbatar ya faɗe ta ba. Za a kai ka bakin kogi a nuna maka tsohuwar na'urar ɗiban ruwa, a ce Sarauniya Isabela ta sa aka kwance ta don kukanta ya hana ta barci. Za a ce maka ɗakin karatun Alhakam ya ƙunshi littafi 400,000, adadin da aka gada daga marubutan da, waɗanda ba su cika tsantseni wajen ƙidaya ba. Za a kuma ce alƙiblar masallacin ta karkata kudu ne don Addakhil yana begen Dimashƙa, alhali masana sun yi saɓani a kan dalilin, waɗansu na ganin ginin ya bi shatar titunan Rumawa ne da ya tarar. Ban ce a tsayar da jagora a tsakiyar jama'a a ƙaryata shi ba, wannan rashin tarbiyya ne. Na ce dai a san wane zance za a zuba a buhun sahihi, wane kuma a na la'ifi.

Amma hikayar da aka ƙara gishiri ba ita ce babbar illa ba. Babbar illa ita ce abin da aka yi shiru a kai. Na lura haja biyu ake kasawa a Ƙurɗuba, kowace da masu sayenta. Ga Turawa da Amurkawa akan sayar da labarin zaman lafiyar addinai uku: a ratsa da su unguwar Yahudawa, a nuna musu 'yar majami'arsu da aka gina a 1315, a tsaya gaban mutum-mutumin Musa bin Maimun, babban malaminsu kuma likita, wanda masu ziyara suka shafe takalminsa na tagulla har ya yi ƙyalli, sa'an nan a wuce ga na Ibn Rushd a gindin ganuwa, a ce ga zamanin da kowa ya rungumi kowa. Ga Musulmi kuwa akan sayar da hawaye: a ce dubi abin da muka gina, dubi yadda aka raba mu da shi. Kowane ɗaya daga cikin labaran nan biyu yana da rabonsa na gaskiya, kuma kowane ya ɓoye rabin da ba ya sayuwa.

Mai labarin zaman lafiya ba ya son ya daɗe a kan cewa shi wannan Musa bin Maimun gudu iyalinsa suka yi daga garin bayan Musulmi 'yan daular Muwahhidun sun karɓe shi a 1148, har ya ƙare rayuwarsa a Masar a 1204. Ko cewa tsakanin 850 da 859 an zartar wa Nasara kusan hamsin hukuncin kisa a garin bisa tuhumar ɓatanci ko ridda. Ko cewa bayan Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236 ba a daɗe ana lallashi ba, aka far wa unguwar Yahudawa a 1391, aka kore su daga ƙasar a 1492, aka tilasta wa Musulmin Kastila shiga Nasaranci a 1502, sa'an nan tsakanin 1609 da 1614 aka kori zuriyar Musulmin ƙasar baki ɗaya, wajen mutum 300,000, duk da sun karɓi addinin da aka ɗora musu. Fadar nan mai lambuna da tafkuna da ake kai baƙi su huta a cikinta, shekaru ɗaruruwa tana mazaunin kotun coci ta binciken aƙida.

Mai labarin hawaye kuma, wanda shi ne ya fi shafarmu, yana da nasa abin da yake haɗiyewa. In an tsaya da kai bisa gadar Rumawa mai bakuna 16, aka ce ka juya ka ɗauki hoton masallaci, ka daure ka dubi ɗaya gaɓar kogin. A can ne unguwar Rabad take, wadda mutanenta, talakawa da masu sana'a da almajirai, tare da goyon bayan waɗansu fuƙaha'u, suka yi wa Alhakam na Farko bore a 818 saboda zalunci da nauyin haraji; ya murƙushe su, ya baje unguwar, waɗanda suka tsira suka watsu, waɗansu Fas, waɗansu Iskandariyya, daga can har tsibirin Kirit. Almansur da ya faɗaɗa masallaci shi ne ya sa aka tsamo littattafan falsafa daga ɗakin karatun Alhakam na Biyu aka hallaka su don neman yardar malamai. Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya gina yamma da gari bayan ya ɗauki laƙabin halifa a 929, ba Nasara ne suka rushe ta ba. Fitinar da ta ɓarke tsakanin Musulmi ya-su-ya-su daga 1009 ita ta cinye ta tun ba ta cika shekara tamanin ba, kuma ita ta kai halifancin kabari a 1031. Ibn Hazm, wanda shi ma aka kafa masa mutum-mutumi a bakin wata ƙofar gari, a Ishbiliya aka ƙone littattafansa yana raye. Ibn Rushd, a ƙarshen rayuwarsa, sarkin Musulmi ne ya kore shi daga Ƙurɗuba. Musulmin da ya je ya yi kuka ya dawo bai ji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya yi asarar kuɗin jirgi, domin izinar da ke cikin tarihin Andalus tana nan ne, kuma mu da muka san yadda dauloli ke lalacewa daga ciki ba mu da uzurin kau da kai.

Akwai kuma tambayar wa ke riƙe da ƙofa. Ginin yana hannun cocin Katolika tun 1236, amma sai a 2006 hukumar cocin ta yi masa rajista da sunanta a ofishin filaye, a kan Yuro 30, bisa wata doka da ta ba limaman coci ikon yin haka ba tare da kawo takardar mallaka ba, dokar da aka soke a 2015. An yi shekaru ana buga takardun baƙi da sunan coci kaɗai, har jama'ar garin da masana suka tayar da ƙura, aka maido da ambaton masallaci a 2016. Ba kowane jagora ne kuma ke da damar yin bayani a cikin ginin ba, sai wanda majalisar limaman cocin ta amince da shi. Saboda haka in an tsayar da kai a kan wani gilashi da aka shimfiɗa a ƙasa, aka nuna maka daɓen da ke ƙarƙashinsa, aka ce ga shaidar cocin San Bisente da aka rushe aka ɗora masallaci a kai, ka sani wannan magana tana da mai ita, kuma masu binciken kufai ba su haɗu a kan cewa abin da aka tono coci ne ba. Adalci kuma ya wajabta a faɗi ɗaya gefen: da ba a mayar da ginin coci an ci gaba da kula da shi ba, da wuya ya kawo yau. Babban masallacin Ishbiliya rushe shi aka yi aka gina coci a gurbinsa, ba abin da ya rage sai hasumiya da farfajiya. Wanda ya fasa tsakiyar na Ƙurɗuba shi ne kuma ya yi shekara ɗari takwas yana toshe yoyon rufinsa, kuma jagora nagari shi ne wanda zai iya faɗin duka biyun a numfashi ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici, duk da haka, ba laifin 'yan jagora ba ne, namu ne. Bahaushen da ya zauna gaban malami ya riga ya san Ƙurɗuba ta wata fuskar da babu jagoran da zai nuna masa, amma sai ya je can ya tsaya kamar wanda bai taɓa jin sunanta ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu, ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 848, wanda kuma boren Rabad ya shafa har ya tsere kafin a yi masa afuwa. Ta hannunsa da na almajiransa mazhabar Malikiyya ta kafu a Andalus. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Tafsirin Ƙurɗubi da malamanmu ke buɗewa da azumi, mawallafinsa ɗan garin ne da ya bar shi bayan faɗuwarsa ya koma Masar, ya rasu can a 1273. Jagora zai tsaya gaban Ibn Rushd ya ce ga wanda ya yi wa Turai sharhin Aristo, kuma ya yi gaskiya. Amma ba zai ce ga alƙalin alƙalan Ƙurɗuba, jikan alƙalin alƙalanta, mai Bidayatul Mujtahid ba, domin ba a koya masa haka ba, kuma jama'arsa ba su tambaya. Har labarin ƙasashenmu na Sudan ta yamma, Albakri da ya rubuta shi a 1068, ya siffanta fadar Sarkin Gana da kasuwancin zinariya, a Andalus ya yi zamansa bai taɓa taka ƙasar da yake siffantawa ba, daga bakin fatake da littattafan magabata ya tattara. Watau su ma sun san mu ne ta bakin mai ruwaya, da daidai da kuskurensa.

Ana ruwaito cewa wata rana Yahaya yana majalisin Malik a Madina aka yi shelar an shigo da giwa, almajirai duk suka watse kallo, shi kaɗai ya zauna; da Malik ya tambaye shi me ya hana shi fita alhali babu giwa a ƙasarsu, sai ya amsa cewa shi malam ya zo gani ya koyi shiriyarsa, ba giwa ba. Ina tuna wannan hikaya duk sa'ad da na ga jama'a sun yi cincirindo a bakin wani lungu mai furanni, kowa na jiran layinsa ya ɗauki hoton benen ƙararrawa ta tsakanin tukwane, alhali 'yar jagora tana gefe tana magana ba mai saurare.

Wani zai ce, to, in dai sai na yi karatu kafin in je, kuma wayar hannuna tana iya gaya mini shekarar kowane gini, ina amfanin jagora? Amsa ita ce littafi ba ya nuna maka da yatsa, waya kuma ba a yi mata tambaya ta biyu a ga yadda fuskarta ta canja. Jagora ɗan gari ne. In an saki jiki da shi bayan an watse, aka tambaye shi cikin mutunci, sau da yawa sai ka ji abin da bai faɗa a gaban taro ba, har da yadda masu ziyara kusan miliyan biyu a shekara suka sa gidajen unguwar suka koma masaukai da kantunan tsaraba, 'yan asalin wurin suna ƙaura. Wannan ma wani abu ne da ya kamata mai bin laima ya riƙe a ransa, cewa ƙofar da yake leƙawa gidan wani ce, kuma tsohuwar da ke ba furanninta ruwa ba don shi take yi ba. In an zaɓi ƙaramin taro an fi jin magana. In an fita da sassafe an tsere wa rana. In zagayen na tukuici ne, a ba da abin da mutum zai so a ba shi bayan ya yi sa'a biyu yana magana a tsaye.

Saura batun salla, wanda na san shi ne farkon abin da zai zo zuciyar duk Musulmin da ya tsaya gaban wannan mihrabi. Ba a yarda ba. Musulmin Sifen sun kai roƙonsu har Fadar Fafaroma a 2004 da 2006 ba a amsa musu ba, kuma a 2010 waɗansu baƙi daga Ostiriya da suka tayar da salla a ciki sun yi artabu da masu gadi har maganar ta kai kotu, ko da yake daga baya an sallame su. Ra'ayina shi ne kada a gwada. Baƙon da ya shiga da tikiti ya shiga ne bisa sharaɗin masu riƙe da wuri, kuma malamanmu na Malikiyya da ma sun karhanta salla a cikin coci saboda siffofin da ke ciki, balle a mayar da ibada abin jayayya da 'yan gadi. Wanda lokaci ya kama shi ya tambayi jagoransa hanyar lambun da ke dandalin Kolon, arewa da tsohon gari, tafiyar da ake iya yi da ƙafa. Akwai wani ɗan ƙaramin masallaci mai ƙubba a tsakiyar lambun, wanda aka gina lokacin yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939 saboda sojojin Maroko da Janar Franko ya kwaso su taya shi yaƙi, kuma Musulmin garin suna salla a cikinsa yau. Ba ya cikin jerin wuraren da akan tsaya da baƙi, sai an tambaya.